Hannun da Ya Kafa Turke

Litinin, 7 ga Afrilu

An ba mu hutu. Malama Taiba ta ba mu aikin gida: kowa ya rubuto shafi biyu a kan wani wurin tarihi, ko wurin da baƙi ke zuwa kallo, a ƙaramar hukumarsa. Rabin ajinmu Madatsar Bakolori za su rubuta, na sani. Bushra 'yar Baffa Misbahu har ta gama nata daga waya, ita da ba ta taɓa ganin madatsar ba, sai ruwanta da ke wucewa ta kanal a bayan unguwa.

Ni 'yar ƙasar Bakura ce, ba 'yar Mafara ba, duk da tun bayan girbi muke zaune a gidan Baffa, ni da Inna a ɗaki ɗaya, Kaka, mahaifin Baba, a ɗakin zaure. Tafkinmu nake so in rubuta. Na sa sunan a saman takarda, Tafkin Marke, na ja masa layi da rula, sai na zauna ina kallonsa.

Inna ba ta bari in wuce zaure. Lokacin makaranta Baffa ke kai mu a babur ya ɗauko mu. Yanzu da hutu, iyakata bakin rijiya. Ban ga laifinta ba. Tun da aka tare motar su Baba a hanyar Bakura da daminar bara, ba wanda ya sake jin ko muryarsa.

Talata, 8 ga Afrilu

Ranar kasuwa. Daga tsakar gida ina jin ta kamar kukan zuma. Yau kaɗai motocin ƙauyukanmu ke shigowa, a jere, sojoji a gaba, da la'asar su koma a jere. Wanda jerin ya bari sai wata Talatar.

Gajere ya zo gaida Kaka. Shi ne ɗan aiken Kaka a harkar ruwa tun kafin a haife ni. Dogo ne kamar giginya, ban san wanda ya laƙa masa sunan ba. Na kai ruwa, na durƙusa, na gaishe shi ban ɗaga kai ba. Gaisuwarsu da Kaka ta isa a dafa shayi a sha. Da suka gama ya ce, "Sarkin Ruwa, ruwa na ja da baya. Yaushe za a cire turke?"

Tun da ɓarin jikin Kaka na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, sai an kasa kunne. Amma wannan kowa ya ji. Ya ce, "Sai na warke."

Alhamis, 10 ga Afrilu

Abin da na rubuta wa Malama yau:

"Tafkin Marke yana yamma da garinmu, Tungar Marke. Jama'a uku ke da haƙƙi a kansa: mu, da mutanen Gidan Bawa da ke ɗaya gefen, da Fulanin da ke shayar da shanu ta arewa. Idan damina ta ɗauke, Sarkin Ruwa yakan kafa turken marke a bakin ruwa, da ƙullin kaba a kansa. Daga ranar ba mai jefa ko ƙugiya. Shanu su sha, mata su ɗiba, amma kifi ya huta. Da bazara sai a sa rana, a cire turken, kowa ya faɗa ruwa lokaci guda. Shi ne bikin su, wato kamun kifi na taro. Hannun da ya kafa turke shi kaɗai ke cire shi, domin a zamanin kakan kakana wani ya cire a ɓoye, garuruwan biyu suka yi faɗa har aka rasa rai."

Daga nan na tsaya. Ta yaya ake rubuta sauran? Motocin Sakkwato da Gusau a ƙarƙashin itatuwan marke. Maza a jere tun daga gefenmu har gefen Gidan Bawa, kowa da homar kamun kifi a hannu da gora a ƙirji, ba mai motsi, kalangu kaɗai ke magana. Kaka ya sunkuya, turke ya fito, sai ruwa ya ɓace gaba ɗaya a ƙarƙashin mutane. Ƙanshin man gyaɗa. Shekarar da Baba ya fito da tarwaɗa mai tsawona, wani mai kyamara ya ce in tsaya kusa da ita, ya tambayi sunana, na gudu bayan zanen Inna. Baba ya yi ta dariya yana cewa, "Farida sunanta, amma sai ka biyo ta gida za ka ji."

Na rubuta cewa baƙi na zuwa daga nesa. Bara motoci biyu suka zo.

Asabar, 12 ga Afrilu

Zafi. Ba wuta. Na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Gajere kuma. Yau Baffa yana gida. Ina bayan labulen zaure da kofin ruwa, na kasa shiga na kasa komawa.

Gajere ya ce hatsin rumbuna ya ƙare, don bara gonakin bakin gari kaɗai aka iya nomawa. Yara na zama a bakin tafki suna kallon kifi yana wasa. Samarin Gidan Bawa sun fara cewa namu na sata da dare, namu sun ce su ne.

Baffa ya ce, "Don Allah Gajere, icce na fa! Icce! Ku tuge shi ku ci kihinku."

Gajere ya ce, "Alhaji, kai ka daɗe birni. In mu munka cire, Gidan Bawa su ce mun ci amana. In su sunka cire, yaranmu ba su kwana. Kuma yanzu ba kamar da ba ne, kowa na aje da bindiga ɗaka."

Baffa ya ce to a ɗauki Kaka a mota. Gajere ya dubi ƙafar Kaka. Likita ya riga ya ce ko zama mai tsawo kada ya yi.

Kaka ya ce, "Sai na warke." Yana faɗa yana kallon labule. Ya san ƙafafuna.

Laraba, 16 ga Afrilu

Bari in rubuta, tunda ba mai karanta wannan.

Ba hannun Kaka ne ya kafa turken bana ba. Nawa ne.

A da Baba ke ɗaukar turke, dattawan garuruwan biyu su bi Kaka su shaida. Wannan karon ba Baba, kuma ba wanda ya yarda ya fita bakin tafki da sassafe. Kaka ya ce ranar kafa turke ba ta wucewa. Ni na ɗaukar masa guduma. Hannunsa ya riga ya fara rawa tun lokacin, mu ne ba mu gane ba. Ya buga, guduma ta kuɓuce. Ya sake, ta sake. Sai ya zauna a ƙasa ya ce, "Uwargida, zo ki taimaki mijinki." Haka yake kirana tun ina rarrafe.

Ni na riƙe, ni na buga, har ya shiga. Shi ƙullin kaba kawai ya yi, da haƙori da hannun hagu.

Mutum ɗaya ya gani: Ikilima mai nono, tana wanke ƙwarya ta gefen Fulani. Ta miƙe ta dube mu, ta koma ga ƙwaryarta.

A hanya Kaka ya ce, "Kak ki hwaɗi ma kowa. Mace ba ta taɓa kahwa turke ba. Da bazara mu dawo tare, ki ɗan taɓa, in cire, wa ya sani?"

To ga bazara.

Jumu'a, 18 ga Afrilu

Ina ba shi kunu da cokali. Ya ce, "Uwargida, kunun ga ba tsami ba zaƙi. In kinka ci gaba haka, yaji za ni yi."

Na ce, "Da wace ƙafa?"

Ya yi dariya har kunu ya zubo ta gefen bakin da ba ya rufuwa. Na goge. Sai na ce a hankali, "Kaka, tafki."

"Wane tafki?"

Na miƙa masa cokali. Can ya ce, "Hanyar ga ta ci min ɗa guda. Ba ni ƙara mata." Ya juya fuskarsa bango. Rabin kunun na ba kaji.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Bushra ta ce in rubuta madatsa kawai in huta, za ta ba ni nata in canza kalmomi. Na ce to. Ban karɓa ba.

Rediyo ya yi shiri a kan wuraren buɗe ido na jiha. Duwatsu, tafkuna, ganuwoyi, kaburburan sarakuna. Mai shirin yana ta cewa a zo a gani. Inna ta kashe.

Talata, 22 ga Afrilu

An fasa wa wani yaron Gidan Bawa kai. An same shi a bakin ruwa da asuba, ya ce alwala ya je yi, namu suka ce da wane buhu. Bawa da kansa, dattijon garinsu, ya aiko Gajere da magana: shi yana iya riƙe samarinsa zuwa wani ɗan lokaci, amma ba har abada ba.

Gajere ya kwance wani ƙunshi ya ajiye a gaban Kaka. Curin laka ne busasshe kamar tulun yara. Gaiwa ce a ciki, irin kifin nan da ke naɗe kansa a laka ya yi barci idan ruwa ya janye. Ya ce ita kaɗai mutane ke haƙa suna ci, tunda ba a cikin ruwa take ba, turke bai hana ta ba. Ya ce, "Ka san inda na haƙo wagga? Gindin turke, Sarkin Ruwa. Inda ruwa yake kaiwa gwiwa ran da kak kahwa shi." Ya ce ƙananan karfasa sun fara tasowa da ciki sama, shirwa na cin rabon mutane.

Kaka ya daɗe yana shafa curin da hannun hagu. Ya ce in tura masa shi ƙarƙashin gado.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito: "A ƙaro ruwa?"

Laraba, 23 ga Afrilu

A aji ma haka nake. In san amsa, in ji ta a bakin wata.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na gaya wa Inna. Na jira sai da take min kitso, don kada in ga fuskarta. Na faɗa duka, da gudumar, da Ikilima.

Hannunta ya tsaya a kaina. Sai ta ci gaba, tana ja har idona ya kawo ruwa.

"Ban ji ba."

"Inna..."

"Na ce ban ji ba. Miƙe wuyanki."

Da ta gama ta shiga ɗaki ta sauke homar Baba daga bango, wadda ita kaɗai ta ɗauko daga kayansa ranar da muka taso, ta cusa ta bayan akwati inda ido ba ya kaiwa.

Litinin, 28 ga Afrilu

Ba na son in je. Wannan ma in rubuta shi. Ina tsoron hanyar, ina tsoron lanƙwasar da aka ce a nan ne aka tare su Baba. Ina tsoron maza su taru suna kallona fiye da yadda ya kamata in ji tsoro, kuma ina jin kunyar hakan.

Amma in aka harbi wani a bakin tafki, ni da Kaka mun san hannun da ya rufe ruwan.

Talata, 29 ga Afrilu

Na faɗa.

Ban san yadda aka yi ba. Na ajiye ruwa, na durƙusa, ban tashi ba. Baffa ya ce, "Lafiya, Farida?" Ina kallon tabarma na ce, "Ni na kafa turken." Ba su ji ba. Na sake.

Gajere ya yi dariya, ya dubi Kaka don su yi tare. Kaka bai yi ba.

Baffa ya ce, "Baba, mi yarinyar ga ka hwaɗi?"

Kaka ya ce, "Ƙarya ta ka yi."

Tunda nake bai taɓa ce min haka ba, ko da wasa. Kunnuwana suka yi zafi. Sai na ji kaina ina cewa, "A tambayi Ikilima mai nono. Tana wanke ƙwarya."

Gajere ya daina dariya. Ya dubi hannun Kaka na dama da ke kwance a kan cinya kamar ba nasa ba, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Za ni tambaya." Ya tashi bai sha ruwan ba.

Inna ta ji komai daga tsakar gida. Ba ta dake ni ba. Da ma ta daka.

Alhamis, 1 ga Mayu

Kaka ba ya karɓar abinci daga hannuna. Bushra ke ba shi, tana zuba masa a riga. Ta ce min, "Ke ashe kina magana? Mun ɗauka sai da takarda."

Inna na min magana a kan tsintsiya da gishiri kawai.

Lahadi, 4 ga Mayu

Da hantsi na ji daga zaure: "Ke, mai ƙarya! Zo nan."

Na je. Ya ce in jawo curin lakar, in sa a roba, in zuba ruwa. Muka zauna muna kallo kamar marasa aikin yi. Lakar ta jiƙa, ta tsage, ta narke. Can wani abu baƙi ya motsa, ya miƙe, ya zagaya robar sau ɗaya ya tsaya.

Kaka bai dube ni ba, ita yake kallo. Ya ce, "Ba a tuge turke da ƙarfi. Ƙasa ta bushe, karyewa zai yi, in ya karye ba a cire ba ke nan. Ki zuba mishi ruwa ga gindi, ki jira. Ki girgiza gabas da yamma. Kak ki bari kowa shi kama miki, ko da kin kai azahar."

Na ce to.

"In ya hito, ki ɗaga shi sama. Ki yi bisimilla. Sannan ki kira: Gidan Bawa, ruwanku. Fulani, ruwanku. Tunga, ruwanku. Mu na ƙarshe. Mai rabo ba shi hwara ɗauka. In kinka hwara da mu, gara ba ki je ba."

Na maimaita. Ya ce, "Wa kinka gaya ma, sauro? Sai an ji ki ƙetaren ruwa." Na sake. Ya ce ko kajin gidan ba su ɗaga kai ba. Na sake har Bushra ta leƙo.

Da zan fita ya ce, "Ban ce ki tahi ba. Na dai gaya miki yadda aka yi."

Da rana ya sha kunu daga hannuna. Ya ce har yanzu ba tsami.

Talata, 6 ga Mayu

Da sauri nake rubutawa, motoci na tashi da la'asar.

Gajere ya dawo. Ikilima ta ce ta gani, ta ce yarinyar ta fi tsohon ƙarfi. An kai maganar gaban Bawa. Wasu sun ce mace? Bawa ya ce, "Kakanninmu ba su ce hannun namiji ba. Hannun da yak kahwa sunka ce." An sa jibi.

Baffa ya ce bai yarda ba, amana ce a hannunsa, me zai ce wa ɗan'uwansa in ya dawo. Yana cikin faɗa sai ga Inna ta fito da hijabi, da homar Baba naɗe a zane a hammata. Ta ce, "Ni za ni kai ta."

"Innar Farida, hanyar ga..."

"Na san ta. In ta so, ta ci mu tare. Ba ni sake zama gida ina jiran wani."

Ta dube ni ta ce, "Ke kuma kin tsaya kallona? Ɗauko takalminki."

Laraba, 7 ga Mayu, Tungar Marke

Mun iso. A lanƙwasar ba komai, ciyawa ce busasshiya da wata tsohuwar taya. Duk motar bakuna ke motsi da addu'a. Inna ta riƙe wuyan hannuna, har yanzu da shatin farcenta.

Gara ta ci ƙofar ɗakinmu. Rabin gidajen layinmu a rufe da ƙaya. Matan da suka rage sun yi ta shigowa kallona kamar an kawo amarya, na rasa inda zan sa idona. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta juya shi ciki da baya ta ce, "Wanga ɗan abu?"

Alhamis, 8 ga Mayu

Ba kalangu, an ce sauti na kai wa daji labari. Ba mota ko ɗaya. Ba man gyaɗa ma. Da hantsi aka taru, an ce kafin azahar kowa ya koma gida.

Tafkin ya zama kamar faranti a tsakiyar tabarma. Turken yana tsaye shi kaɗai a busasshiyar ƙasa, nesa da ruwa, kabar ta yi fari. Namu a wannan gefe, na Gidan Bawa a wancan, ba mai gaida wani. Na ga wanda aka fasa wa kai da tsumma a goshi. Fulani ta arewa da 'yan shanunsu. Ikilima ta ɗaga min ƙwarya daga nesa.

Na zuba ruwa. Na jira. Na girgiza, ko motsi. Na sake zubawa. Wani daga cikin namu ya ce, "A kama mata mana!" ya taho. Gajere ya tare shi da hannu ɗaya. Rana ta hau. Tafin hannuna ya saɓule. Ina jin ana gunaguni ta ƙetare, wani ya ce da ma sun faɗa. Ban san sau nawa Inna ta cika min buta ta ajiye ta koma ba.

Sai ya yi wani ɗan sauti kamar an cire haƙori. Ya taho.

Na ɗaga. Ya fi yadda na tuna nauyi. Na yi bisimilla. Na buɗe baki, ba komai. Duk idanun garuruwa biyu. Na ga samarin gefenmu sun fara matsawa ruwa tun ban kira ba, na ga na ƙetare sun gani.

Ban san muryar wa ce ta fito ba. "Gidan Bawa, ruwanku!"

Namu suka tsaya cak. Na kira Fulani. Na kira Tunga. Sai ruwa ya ɓace a ƙarƙashin mutane, kamar da, sai dai mutanen kaɗan ne, ruwan ma kaɗan.

Inna ta kwance homar Baba. Na ɗauka Gajere za ta ba. Ta zagaya bakin tafki da ƙafa, a gaban kowa, ta miƙa wa yaron mai tsumma a goshi, don ba shi da tasa. Ta ce ya dawo mata da ita a wanke.

Kifin da yawa ya riga ya mutu. Wanda ya rage ya isa kowane gida ya ɗora tukunya, har an shanya.

Da ana watsewa Bawa ya zo. Tsoho ne ƙarami mai ido ɗaya. Na durƙusa. Ya ce, "Ɗiyata, Allah shi yi albarka. Kin dai san sauran: hannun da yac cire shi ka mayarwa in damina ta ɗauke."

Ban sani ba. Kaka bai gaya min wannan ba.

Na ce ina da makaranta. Na ce ina so in yi karatun jinya a Sakkwato. Ina jin ƙasa na gaya wa, ba shi ba, don cewa ya yi, "Madalla," ya tafi.

Asabar, 10 ga Mayu

Sai Talata mota. Yau ma iyakata bakin rijiya, rijiyar ce kawai ta canza. Hannuna na ciwo, da ƙyar nake riƙe biro.

Laraba, 14 ga Mayu, Mafara

Mun dawo jiya lafiya. Baffa yana tasha tun safe, ya yi kamar albasa ya je dubawa.

Na ajiye wa Kaka busasshiyar tarwaɗa a cinya. Ya shinshina. Ya ce, "Da wa kinka hwara?" Na ce Gidan Bawa. Ya ce, "An ji ki?" Inna ce ta amsa daga ƙofa: "Har shanu sun ɗaga kai."

Na ce, "Kaka, ba ka gaya min sai na mayar ba."

Ya ce, "Ba ki tambaya ba." Sai ya rufe ido kamar mai barci. Gefen bakin da ke aiki yana danne dariya.

Litinin, 19 ga Mayu

Na kai aikin a makare. Shafi biyar ya zama. Malama Taiba ta karanta a tsaye, ta ce, "Farida, wannan wurin har yanzu baƙi na zuwa?" Na ce bana ba su zo ba. Ta ce to me ya sa na zaɓe shi. 'Yan aji suka juyo. Na ce, "Don yana nan, Malama." Na ji an ji ni har bencin baya. Bushra ta taka min ƙafa.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ruwan farko ya sauka jiya. Duk gidan ƙanshin ƙasa. An sake tare mota a hanyar Maradun, Inna ta ce ko bakin kanal kada in sake in roƙa. Gaiwar tana nan a robarta, Kaka ya hana a yanka.

Ba zan koma ba. Na riga na gaya wa Bawa. Damina tana da tsawo, kafin ta ɗauke za su sami wani, ko Kaka ya warke, ko Baba... Ni jarrabawa ce a gabana.

Tsohon faifan Inna ya warware, kabar na ta zuba a zaure. Na tsinci biyu, don kawai hannuna ba abin yi. Ina zaune ina juya su, ban ma san Kaka ya farka ba.

"Ba haka ba, Uwargida. Hagu bisa dama."

Na kwance na sake. Don dai kada ya yi ta surutu.